Katin Lawan Gola

Sanyuanli, Guangzhou

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa ka shiga sabon ɗakinka na jami'a da ƙafar dama, Ya haɗa ka da abokan zama na gari, Ya tsare ka daga duk abin ƙi. Na sa takardar a ƙasan jakarka, cikin dardumar salla, don na san nan hannunka zai kai tun ranar farko. Da cikin littattafai na sa ta, sai an yi hutu ba ka gan ta ba.

Lokacin da za ka karanta ta, ni ina hanyar Kano. Ka ga yadda biza ta yi wuya tun da aka shiga hidimar Olamfik ɗin nan, tawa ba a sabunta ba, kuma ban san ranar dawowata ba. Shekara guda muka yi da kai a ɗakin nan, kana koyon Sinanci ina zagayen kasuwa, muna cin abinci a kwano ɗaya, amma maganar da ke cikina na kasa faɗa maka. Sau uku ina gyara murya zan fara, sai in ji kaina ina tambayarka ko shinkafa ta ƙare. To ga ta a rubuce. Tana da tsawo, ka samu wuri ka zauna.

Na san Lawban Lin, wato maigida Lin da harshensu, mai masana'antar takalma ta Panyu, ya kira ka. Na san abin da ya ce maka: zai sa hotonka a kwalin sabon kambas ɗin da zai tura Kano, ya ba ka rabonka a hannu, babu takarda, ba wanda zai ji. Na kuma san takardar da ka sa wa hannu ranar da jami'a ta ba ka gurbi da tallafin karatu saboda ƙwallon kwando, wadda ta ce ba za ka yi wani aikin kuɗi a waje ba sai da izininsu. In suka gano ka yi, gurbin ya tafi. Ba ka gaya mini ba, kuma ban ji haushi ba, don ni ma a shekarunka ban gaya wa kowa ba. Yadda aka yi na sani zan faɗa maka a gaba, akwai laifina a ciki.

Ko ka tuna wata rana kana ƙarami muna tafe a Ƙofar Wambai, wani mutum ya ɗaga murya daga cikin rumfa ya ce, “Lawan Gola! Ashe kana duniya?” Na amsa masa muka gaisa. Da muka wuce ka ja mini riga ka ce, “Baba, ba Habibu ne sunanka ba?” Na daka maka tsawa na ce yaro ba ya tambayar abin da bai shafe shi ba. Ya shafe ka. Yau zan ba ka amsar.

Lokacin da nake kwalejin horar da malamai, ni ne mai tsaron ragar makaranta. Ba yabon kai ba, na iya. Ranar wasa filin kan cika har bisa katanga, mutanen gari su biya kuɗin ƙofa su shigo kallo. Abin da kwaleji ke yi mana, mu 'yan wasa, shi ne ta ɗauke mana kuɗin makaranta, sannan a ɗakin cin abinci a ƙara mana ƙwai ɗaya da kofin madara. Sharaɗin kuma guda ne, kada a ga ƙafarka a filin wani. Akwai wani ɗan ajinmu mai kyamara, yakan tsuguna bayan raga ya ɗauke ni ina sama, kashegari ya wanke hotunan ya sayar wa ɗalibai. Da hotunana ya sayi keke. Ba wanda ya ce masa kanzil, yaba masa ma ake yi wai yana da zuciyar nema. Wani yana ɗinki a ɗakin kwana, wani yana aski, duk an bar su. Ni da nake faɗuwa a kan tsakuwa, gwiwoyina duk tabo, sai ƙwai ɗaya. Abin ya ci mini rai a lokacin, kuma har yau da furfurata ban ga adalcinsa ba.

Don haka kada ka zaci zan ce maka neman kuɗi da wasa abin kunya ne. A ganina ɗalibin da Allah Ya sa wa baiwa a jikinsa ya kamata a bar shi ya ci moriyarta, yadda aka bar mai kyamara da mai almakashi. Shi ma ya fi su buƙata, don tela zai yi ɗinki har tsufa, mai tsalle kuwa 'yan shekaru ne gwiwa ta ce ta gaji. Masu dokar su ma ba mahaukata ba ne. Sun ga yaran da suka bar aji suna bin ambulan ɗin kuɗi, sun ga waɗanda 'yan kasuwa suka tatse suka yar. Amma da ni ake shawara, da na ce a buɗe ƙofar a sa mata mai gadi, ya fi a rufe ta yara suna haurawa ta katanga. Wannan ra'ayina ne, Abba. Ra'ayina daban, takardar da ka sa wa hannu daban, kuma a tsakanin biyun nan na faɗi.

Wata ranar Alhamis bayan atisaye, wani mutum mai babur ya tare ni a bakin ƙofar kwaleji. Shi ne mai kula da ƙungiyar ƙwallon wata masaƙa a cikin gari. A zamanin nan masana'antun Kano kan yi gasa tsakaninsu, kuma ƙa'ida ita ce ma'aikaci kaɗai ke bugawa, kowa ya nuna katinsa na aiki kafin a take wasa. Golansu ya karye. Mutumin ya ce, “Samari, Asabar ɗaya muke so. Ka tsaya mana, ka karɓi ambulan ɗinka, ka koma makarantarka. Wa zai sani?”

Na ce, “Ai ni ba ma'aikacinku ba ne.”

Ya yi dariya ya ce in kawo masa ƙaramin hoto. Ranar Asabar ya miƙo mini kati. Hotona ne a manne, ga hatimin masaƙa a kai, amma sunan da ke jiki Lawan Isa, sashen rini. Ya ce, “In alƙalin wasa ya kira Lawan, ka amsa da ƙarfi.” Aka kira, na amsa da ƙarfi.

Da zan iya, da na ce maka yunwa ce ta sa ni, ko jinyar kakarka. Ƙarya ne. Na aika mata da turmin atamfa, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fara kai ni kasuwa rediyo ne mai kaset biyu, sai wani agogon hannu da ya fi ƙarfin tsintsiyar hannuna, ina ta karkaɗa shi a aji don a gani. Asabar ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kakar wasa guda. Ma'aikatan masaƙa suka riƙa rera “Lawan Gola” a bayan raga, ni kuma kaina ya riƙa kumbura, har na daina jin cewa ba sunana suke kira ba. Muka kai wasan ƙarshe, na tare fenariti, muka ɗauki kofi. Kafin a ɗauki hoto sai da na ruga na ɗauro agogona, na ɗaga kofin da wannan hannun. Ka ji wautar mahaifinka.

Ranar Litinin Malam Dauda, malaminmu na wasanni, ya aika a kira ni. Shi ya ɗauko ni daga ajin farko ya koya mini tsayuwa a raga, takalmina na farko ma nasa ne ya ba ni. Na same shi zaune, jarida a buɗe kan tebur. Ya juyo da ita gabana ya ce, “Habibu, wane ne wannan?”

Na ce, “Malam, ai ga shi an rubuta, Lawan ne.”

Ya ce, “Na ga abin da aka rubuta. Kai nake tambaya.”

Na ce, “Kama ce, Malam. Mutane ma suna faɗa.”

Ya dubi hoton, ya dubi hannuna, ya ce, “Har agogon ma kama ce?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sake tambayata a karo na uku, a hankali, ba faɗa. Ban san abin da ya riƙe mini harshe ba, na sake cewa ba ni ba ne. Sai ya naɗe jaridar ya ce, “Da ka zo mini tun farko, da na rubuta wa masaƙar nan takarda su ɗauke ka aikin hutu da sunanka, ka buga musu a fili. Na taɓa yi wa wasu. Dokar nan ni ma ba ta yi mini ba. Ko yanzu da ka ce kai ne, da na shiga gaban shugaban kwaleji na tsaya maka. Amma ta yaya zan tsaya wa mutumin da ya ce ba shi ba ne?”

Saura 'yan watanni mu rubuta jarrabawar fita aka sallame ni. Na ɗauko akwatina da rediyona na dawo gida, kashegari kakanka ya miƙa ni rumfar wani amininsa mai sayar da takalma. Haka na shiga kasuwa. Alhamdu lillahi kasuwa ta rufa mini asiri, ita ta kawo ni har ƙasar Sin. Amma har gobe in na wuce makaranta na ji malami yana koyarwa, sai na rage tafiya. Burina shi ne in zama malami.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ƙofa tana nan a buɗe ban ƙwanƙwasa ba. Na yanke wa Malam Dauda hukunci a zuciyata cewa zai hana, ban ba shi damar ya ce e ko a'a ba. Kai ma na san abin da ke ranka, kana cewa kocinku Basine ne mai ɗaure fuska, ba zai saurare ka ba. Wataƙila. Amma mutumin da ya tsaya a ofis ya ce a ba baƙo gurbi saboda ya ga wasansa, ya cancanci ya ji maganar daga bakinka kafin ya gan ta a jikin kwali. In kuma wata rana ka yi kuskure aka ajiye shi gabanka, ka ce ni ne. Kalma biyu ce, ni na kasa faɗa.

Akwai wanda ban gaya maka labarinsa ba, shi ne Lawan na gaskiya. Ƙungiyar da muka cinye ta kai ƙara, aka karɓe kofin, masaƙar kuma don ta wanke kanta ta kori mai katin. Shi bai san hawa ba bai san sauka ba, shugabansa ne ya ce ya kawo kati ya kawo. Bayan shekaru na yi ta tambaya har aka nuna mini shi, yana rinin tsofaffin kaya a bakin wani lungu, hannuwansa baƙi ƙirin. Na gaishe shi na faɗa masa ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Au, kai ne ni?” Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, “Ni ko ƙwallon tsumma ban taɓa bugawa ba, amma ni aka kora don na tare fenariti.” Ya ba ni ruwa na sha. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, kuma dariyar nan tasa ta fi zagi yi mini ciwo.

Ka lura da wannan, Abba. Cinikin ɓoye ba mutum biyu kaɗai yake shafa ba, kullum akwai na uku da ba a yi shawara da shi ba. A naka, kocin nan ne. Sannan yaran Kano da na Maraɗi da za su zo neman gurbi bayanka, waɗanda za a duba a ce an taɓa ba wani irinsu.

Kuskurena na gaba kai na yi wa. Bayan abin da ya faru na tsani ƙwallo, ko a rediyo aka fara sharhin wasa sai na kashe. Ranar da na dawo daga kasuwa na tarar da kai a tsakar gida kana buga ƙwallon kwando a ƙasa, ka ɗaure bokiti mara gindi a jikin bishiyar darbejiya, ban tambaye ka komai ba. Na shiga kicin na ɗauko wuƙa na farke ta a gabanka. Ba ka yi kuka ba, ka tsaya kana kallon ƙwallon tana sacewa, da ma ka yi kukan da ya fi mini sauƙi. Da ka fita mahaifiyarka ta ce, “Baban Abba, ba ƙwallo ce ta kore ka daga makaranta ba.” Kwana biyu ban yi mata magana ba, don ta faɗi gaskiya. Na san ta sayo maka wata ta ɓoye a gidan maƙwabta. Ku biyu kuna ganin kun yi mini wayo, ni kuwa ina ganinka kana fita da ita cikin buhun shinkafa, na kawar da kai.

Ban taɓa ba ka haƙuri a kan wannan ba, to ka yi haƙuri. Tsorona na ɗora maka. Ina faɗa maka ne don kada takardar nan ta sa ka tsani neman na kanka, ko ka riƙa jin baiwarka abin ɓoyewa ce. Mutum in ya ƙone a abu yakan wuce gona da iri wajen gudunsa, ni na wuce, har na kusa hana ka abin da yau ya buɗe maka ƙofar jami'a.

Yanzu ga na ƙarshe, wanda bai yi wata biyu ba. Hoton nan da aka ɗauke ka ranar wasan gwaji, kana sama da ƙwallo, sanye da rigar jami'a, ka san na karɓe shi na ce zan aika wa mahaifiyarka. Ban aika ba. A aljihu na riƙa yawo da shi, babu shagon da ban nuna shi ba daga Sanyuanli har Liuhua Lu, har mai gadin ginin namu ya gaji da cewa ya gani. Mutumin da ya farke ƙwallo ke nan. Da na je Panyu duba kaya, muna shan shayi da Lawban Lin a 'yan kofunan nan nasu da ba sa cika baki, na ciro shi. Ya riƙe shi da hannu biyu ya ce, “Ɗanka ne? Dogo! Kyakkyawa!” Ya ce in ara masa ya nuna wa matarsa a ofis, ya shiga ya fito ya dawo mini da shi.

Bayan mako biyu na koma, sai ya ajiye mini kwali a kan tebur yana murmushi. Ga ka nan a jiki, sunan jami'a raɗau a ƙirjinka. Ya ce duniya duk ta haukace da wasanni saboda Olamfik, in aka sa fuskar ɗan Afirka a kwali, Kano za ta saye kafin a gama sauke kwantena. Ba zan ɓoye maka ba, abin da na fara ji daɗi ne. Ɗan kasuwar da ke cikina ya miƙe tsaye. Ka san halin mutanenmu, ba kayan da ke shiga kasuwa ba su raɗa masa suna ba, har na fara jin yara a Wambai suna cewa a ba su Ɗan Alhaji lamba arba'in da biyu. Sai idona ya sauka ƙasan hoton. Akwai suna a rubuce da manyan baƙaƙe, wani sunan Turawa da ya ƙago don ya yi daɗin faɗa. Hoton naka, sunan na wani. Na ajiye kofin shayin.

Na ce masa ya goge wanda ke cikin kwamfuta. Ya kaɗa hannu yana dariya ya ce, “Meyo, meyo,” wai babu damuwa, ai taimakon yaro zai yi. Kada ka ɗauke shi mugu. Na daɗe ina hulɗa da shi bai taɓa sauya mini kaya ba. Shi dai a sana'arsa hoto kamar launi ne, in ya yi kyau a sa. Na nuna masa da gaske nake, har na ce in ya buga ba da yardarka ba, ni da shi mun gama. Ya yi alkawari ba zai buga ba sai ka amince, shi ya sa ya nemi lambarka ya kira ka. Kwalin samfurin na karɓe, yana cikin kayana. Ni na kai fuskarka wurin nan saboda alfahari, irin alfaharin da ya sa na ɗaura agogo, kuma ga shi na tafi na bar ka da shawarar.

Tunda kasuwar nan ita ce makarantar da na gama, bari in gaya maka abin da na sani. In ya ce maka Kano kawai za a kai, ba wanda zai gani a nan, shi ma ya san ba haka ake yi ba. Zanen kwalin da ya fito daga masana'anta ɗaya, kafin mako ya zagayo ka gan shi a shaguna goma a Sanyuanli, a jikin takalman da ba ka taɓa gani ba. Ragowar kaya a nan garin ake karyar da su. Ɗaliban ƙasarmu suna zuwa gida hutu su dawo nan da takalma. Kwantena kuwa in ta hau ruwa ba mai kiranta ta dawo.

Ga abin da zan so ka yi, in ka ga dama, don yanzu kai ba yaro ba ne. Ka je wurin kocinku da rana tsaka, da Sinancin nan da ka sha wahalar koya, ka faɗa masa komai, har da cewa mahaifinka ne ya fara kai hoton. Ka tambaye shi ko akwai hanya, ku je ofishin ɗalibai baƙi tare. In sun yarda, to a rubuta. Ka zauna a ƙasar nan ka ga yadda magana ba ta da nauyi sai an buga mata jan hatimi. A rubuta wane takalmi ne, zuwa yaushe, da wace riga, kuma a sa sunanka na gaskiya. Kafin ka sa hannu, ka karɓi takalmin ka buga wasa da shi mako guda. In gindinsa ya ɓare, kada ka ba shi fuskarka ko nawa ne, don wanda ya saya a Kano ba Lawban zai tsine wa ba, wanda ke jikin kwali zai tsine wa.

In kuma sun ce a'a, ka kira Lawban Lin ka yi masa shiye-shiye, godiyar nan tasu, da ladabi, ka ce ba yanzu ba. Zai yi ciwo, na sani, musamman in ka ga filin ya cika ana tafa maka, aljihunka kuma ba nauyi. In abin ya dame ka kada ka haɗiye, ka yi magana da abokan wasanka, ku faɗa wa masu makarantar a fili cewa dokar ta matse ku. Wanda ke ciki shi ake saurara. Ni da aka kora, duk gaskiyar da nake da ita a kan mai kyamara da ƙwai ɗaya, ba wanda ya sake tambayata. Abin da za ka ci da abin da za ka sa, wannan nawa ne, in Allah Ya yarda ba za ka rasa ba. Azumi kuma ya ƙarato, ka gaya wa kocin tun yanzu don ya san yadda zai tsara maka atisaye, kada ka ɓoye ka je ka faɗi a fili.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wani tsohon kati, gefensa ya cinye. Shi ne. Ka dubi yaron da ke jiki, sa'anka ne, har kunnuwanku iri ɗaya. Shekara da shekaru yana cikin jakar fasfona, ban san dalilin da na kasa yar da shi ba, mahaifiyarka ma ba ta san yana nan ba. Wasan da na fi iyawa a rayuwata, ranar da ba abin da ya wuce ni, ba inda aka rubuta cewa ni na buga shi. Ka ajiye katin inda za ka riƙa gani.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, don haka tun ranar da aka yanka ragonka bakina bai taɓa furta shi ba. Abba nake cewa, ko in ce kai. Ranar da muka je jami'a duba sunayen waɗanda aka ɗauka, ka shiga ofis ka bar ni a gaban allo. Duk rubutun Sinanci ne ban gane ko ɗaya ba, sai can ƙasa na ga naka da baƙaƙen boko. Na daɗe a tsaye ina karanta shi a zuciya. Da ka fito ka tambaye ni me ya sami idona, na ce zafin garin nan ne.

Baki ba zai faɗa ba, amma yau hannu zai rubuta sau ɗaya: Sulaiman Habibu. Rabinsa na mahaifina ne, rabinsa nawa, kuma duk abin da na tara a ƙasar nan bai kai shi ba. In an kira shi a fili ka amsa da ƙarfi. In an buga takardar 'yan wasa ranar wasanku na farko, ka nemi guda ka aiko mini Kano, ina so in nuna ta a Wambai.

Allah Ya tsare ka a fili da wajen fili, Ya kare maka gwiwa da ƙashi, Ya buɗe maka karatu, Ya ba ka halal ɗinka ta ƙofar da ba za ka ji kunyar a gan ka a cikinta ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya sada mu da alheri. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a.

Wassalam.

Ni ne,
mahaifinka Habibu